Takardar gwajin makon jiya

Rubutun yau dogo ne, wanda ke da jarabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Duk ɗan Arewa da ke karatun likita, ko jinya, ko aikin lab a nan Kudu ya san yana da aiki na biyu da ba a rubuta masa a takardar shiga makaranta ba, wato tafinta. Mu da muke Idi-Araba abin ya fi yi mana yawa, don unguwar Hausawa tana manne da mu, ga kuma na Agege da na Mile 12 suna zuwa. Kana tsakiyar cin abinci waya za ta yi ƙara, a ce maka zo ga mutanenku. Wani lokacin mutumin ma Bazabarme ne ko Buzu, amma tunda ya sa doguwar riga, to naka ne. Ni dai kiran ba ya damuna. Abin da na lura da shi kawai shi ne fassara ciwo ba ta da wuya. Amai, gudawa, ciwon kai, kowa ya iya. Inda gizo ke saƙar shi ne fassara lamba, musamman ranar da lambar ta nuna kamar an samu sauƙi, likita kuma ya ce a'a, yanzu ma aka shiga hatsari.

Akwai wani ciwon yara da lambobinsa ke yin haka, kuma a kansa nake so mu yi magana, don na tabbata yana nan a garuruwanmu ana kiransa da wasu sunaye.

Mun taso muna jin amosanin gaɓɓai, ko sanyin ƙashi, ciwon tsofaffi ne. To yara ma suna yi. A likitance, idan gaɓar yaron da bai kai shekara 16 ba ta kumbura har ta wuce mako shida, aka bincika ba a samu ƙwayar cuta ko wani dalili ba, sai a sa shi cikin rukunin amosanin gaɓɓai na yara. Rukunin yana da rassa. Wanda ya fi ba likitoci tsoro shi ne wanda ba ya tsayawa a gaɓa, yake game jiki duka. Ana kiransa ciwon Still, da sunan George Frederic Still, likitan yara na Landan da ya bayyana shi a 1897. Garkuwar jikin yaron ce ke tashi ba tare da an tsokane ta ba. Zazzaɓi ya riƙa zuwa kullum kusan a lokaci guda, yawanci da yamma, ya hau sosai, sannan ya sauka kamar ba a yi ba. Kaluluwa ta fito, hanta da saifa su kumbura, wani lokacin ruwa ya taru a kewayen zuciya ko huhu. Kumburin gaɓar ma yakan makara, ya zo bayan makonni ko watanni da fara zazzaɓin, shi ya sa ake daɗewa ana lalube. Akwai kuma wani jan tabo da ke fitowa a fata idan zazzaɓin ya hau, ya ɓace idan ya sauka. Littafinmu ya ce launinsa kamar na tsokar kifin salmon. Ni ban taɓa ganin kifin ba balle tsokarsa, kuma a fata irin tamu, in ba ka ɗaga rigar yaron a daidai lokacin ba, cikin haske mai kyau, ka duba ƙirji da cinya da hammata, wallahi ba abin da za ka gani.

Ku ɗauki wannan yaron ku kai shi Funtua ko Gusau ko Potiskum. Zazzaɓin yamma, ai maleriya ce. Bai sauka ba, a yi Widal, taifot ne. Gaɓa ta kumbura, to a duba sikila. Kuma ba za ka ga laifin mai wannan tunanin ba, don waɗannan su suka fi yawa nesa ba kusa ba, Najeriya ce ma kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila. Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne gwajin RF, wanda aka sani na amosanin gaɓɓai na manya, a wannan ciwon yawanci ba ya nuna komai. Sai a ce an gwada, ba shi ba ne.

Wata biyu da suka wuce, muna fostin a ɓangaren yara, aka kwantar da wani yaro ɗan shekara bakwai da ya bi duk wannan layin. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, kuma sai da na nemi izinin mahaifiyarsa kafin in rubuta. Babansa albasa yake sayarwa. Kafin su zo yaron ya sha maganin maleriya sau huɗu, an yi masa alluran taifot, an yi rubutu, an yi turare. Gwiwoyinsa biyu da wuyan hannu sun kumbura, da safe sai an ɗauke shi zuwa banɗaki. Jininsa AA ne. Da aka kira ni in tambayi uwar yadda zazzaɓin yake, ta ba ni amsar da ta fi ta littafi tsari. Ta ce, “Ƙanwata, wannan zazzaɓi yana da agogo. Da an idar da la'asar yake zuwa, kafin a yi shirin kwanciya ya tafi. Da hantsi in kin gan shi yana wasa sai ki ce ƙarya nake masa.”

Aka yi gwaje-gwaje, aka cire abubuwan da ake tsoro, aka tsaya a kan ciwon Still. Sakamakon jininsa na farko ya zo yadda ake tsammani. Idan wannan ciwon yana ci, komai hawa yake yi. Fararen ƙwayoyin jini sun haura dubu 20. Filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni su tsayar da jini, waɗanda a mai lafiya suke tsakanin dubu 150 da dubu 450, nasa sun wuce dubu 600. ESR ɗinsa ya haura 100. Uban bai yi boko mai nisa ba amma ɗan kasuwa ne, lamba ba ta ba shi tsoro. Ya sa na nuna masa inda aka rubuta iyakar lafiya a gefen takardar, ya gane cewa na ɗansa sun tsallake, ya ce to, addu'armu ita ce su sauko.

Bayan kamar kwana goma suka sauko. Filatilet suka dawo dubu 400 da 'yan kai, bayan kwana uku kuma dubu 210. Fararen ƙwayoyi suka koma cikin iyaka. ESR ya faɗo ƙasa da 30. Har kumburin gwiwar ya ragu. In ka ɗauki takardar ranar ita kaɗai, ka bi gefen da aka rubuta iyaka, kusan duk layin lafiya lau ne. Uban ya zo da safe da fara'arsa, ya ce in roƙa musu sallama, kuɗi sun ƙare, kasuwa tana jiransa, sauran jinyar sai a ƙarasa a gida.

Uwar ce ba ta yi fara'a ba. Ta ja ni gefe ta ce agogon nan ya lalace. Kwana biyu ke nan zazzaɓin ba ya sauka, dare da rana jikin kamar garwashi. Yaron da ke tashi ya yi rigima ya koma barci kawai, kuma da ta goge masa baki da safe ta ga jini a dasashinsa. Na faɗa wa malamarmu, kwansaltan ɗin da ke duba shi, lokacin zagayen safe. Ba ta ce komai ba, ta sa aka ciro takardun gwajin duka daga fayil, ta jera su a kan gado bisa kwanan wata, ta bi layin filatilet da ɗan yatsa daga hagu zuwa dama, sannan layin ESR. Ta juyo ta tambaye mu, wane magani muka ba yaron nan da zai sauke ESR daga sama da 100 zuwa ƙasa da 30 cikin kwanakin nan, alhali zazzaɓi na ƙaruwa? Kowa ya yi tsit. Ta ce a ɗebi jini yanzu a auna feritin, da sinadaran hanta, da kitsen jini.

Ga abin da take tsoro. A jikinmu akwai wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makurofaj. Aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki, 'yan shara ne kuma mayaƙa. Akwai wasu kuma, ƙwayoyin T masu kisa da ƙwayoyin NK, da ke kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shige, kuma wannan kisan shi ne ke kawo ƙarshen faɗan, kowa ya koma gida. A wasu yaran wannan birkin ba ya kamawa da kyau. Faɗan ba ya ƙarewa, ƙwayoyin T su yi ta zubo wani sinadarin kiran yaƙi mai suna intaferon gama, shi kuma ya yi ta zuga makurofaj, su ma su zubo nasu sinadaran, abu ya zama gobara. Daga nan makurofaj su fara cin 'yan gida, jajayen ƙwayoyi, farare, filatilet, har cikin ɓargo inda ake ƙera su. Hanta ta jikkata, jini ya kasa daskarewa, ƙwaƙwalwa ta taɓu, yaro ya fara magagi ko jijjiga. Wannan shi ake kira MAS a taƙaice, haukacewar makurofaj. Kusan kashi 10 cikin 100 na yara masu ciwon Still suna shiga cikinsa a bayyane, kuma ana ganin waɗanda ke ɗauke da shi a ɓoye sun kai kashi 30 zuwa 40. Yakan biyo bayan tashin ciwon kansa, ko wata cutar bairos da ta shigo. A wani babban nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara yara 362 daga ƙasashe 33, kusan kashi ɗaya cikin uku sai da aka kai su ɗakin kulawa ta musamman, kashi 8 cikin 100 kuma suka rasu. Wannan fa a hannun ƙwararrun da suka gane ciwon ke nan.

Yanzu ku dawo kan ESR, don a nan dabarar take. ESR gwajin talaka ne. Ana zuba jini a wani siririn bututu mai ma'auni har milimita 200, a tsayar da shi, a dawo bayan awa ɗaya a ga nisan da jajayen ƙwayoyi suka kwanta. Idan jiki yana kumburi, hanta tana ƙara fitar da wani furotin mai suna fibirinojin, wanda asalin aikinsa daskarar da jini. Shi ke sa jajayen ƙwayoyin su manne da juna kamar an jera kwabbai, su yi nauyi, su nitse da sauri, ESR ya hau. To a MAS fibirinojin ɗin ne ake cinyewa, hantar da za ta ƙera wani kuma ba ta da lafiya. Babu abin manne ƙwayoyin, sai su ƙi nitsewa, ESR ya faɗi. Kumburin yana nan, ya ma ninka, ma'aunin ne aka cinye. Shi ya sa za ka ga CRP, ɗaya gwajin kumburin, yana sama abinsa, ESR yana gangarowa. Haka filatilet. Yaron da ciwonsa ke ci ya kamata a same shi da dubu 600, idan aka same shi da dubu 210 to ya yi asarar kashi biyu cikin uku, ko da takardar lab ba ta sa masa alamar ja ba.

Wannan ne aka ce in fassara wa uban, kuma in gaya masa ana buƙatar kuɗin wani sabon gwaji mai tsada, yau ɗin nan. Ku yi tunanin yadda maganar za ta faɗa a kunnensa. Mako biyu ana ce masa lamba ta hau, matsala ce. Yau ta sauko, an ce matsala ce. Ga shi baƙo a garin da ya riga ya sa a ransa cewa asibiti wurin tatsar kuɗi ne. Ya kalle ni ya ce, “'Yar nan, ke tamu ce, ki gaya mini tsakaninki da Allah. In ta hau a biya, in ta sauka a biya, to yaushe ake lafiya?”

Na ce, “Malam, in mutum ya saba jin motsin ɓera a rumbunsa kullum, sai rannan ya ji shiru, abu biyu ne. Ko dai ɓeran ya mutu, ko kuma hatsin ne ya ƙare.” Ya yi shiru, ya ce to namu wanne ne? Na ce shi ne ake so a leƙa a gani, kuma zazzaɓin da ya ƙi sauka da jinin da Yaya ta gani a bakinsa ba su yi kama da mutuwar ɓera ba. Bai ce ya yarda ba. Ya fita da waya a kunne, bayan azahar ya dawo da kuɗin da abokan kasuwarsa suka haɗa, mu ma 'yan Arewa na ajinmu muka cika abin da ya rage.

Feritin furotin ne da jiki ke adana sinadarin ƙarfe a cikinsa. A yaro mai lafiya bai cika wuce 100 da wani abu ba. Yana hawa a kowane irin kumburi, amma a MAS hawan na daban ne, don makurofaj ɗin da suka haukace su ne ke zubo shi, ga kuma wanda ke tsiyayowa daga hantar da ta jikkata. Na yaron nan ya dawo sama da 9,000.

A 2016 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka, tare da ƙungiyar PRINTO mai binciken cututtukan gaɓɓai na yara, suka fitar da ma'aunin da ake amfani da shi yanzu, ƙarƙashin jagorancin Angelo Ravelli na Genoa a Italiya. Ya ce yaron da ke da zazzaɓi, wanda aka sani ko ake zargin yana da ciwon Still, ana lissafa shi mai MAS idan feritin ɗinsa ya wuce nanogiram 684 a mililita, sannan aka samu biyu daga cikin huɗun nan: filatilet dubu 181 ko ƙasa, sinadarin hanta AST sama da 48, kitsen jini na tiraigilisarayid sama da miligiram 156 a desilita, fibirinojin miligiram 360 a desilita ko ƙasa. Ku sake duba lambobin. Filatilet dubu 181 lafiya ne a takardar kowane lab. Fibirinojin 360 ma lafiya ne. Da gangan aka sa su haka, don an san daga sama yaron yake gangarowa, kuma in aka jira sai ya faɗo ƙasa da iyakar mai lafiya, an makara. Tsohon ma'aunin da ake arowa, na 2004, an yi shi ne don wani ciwo ɗan uwansa da ake gado, HLH, kuma shi yana neman filatilet su faɗi ƙasa da dubu 100. Kafin ɗan Still ya kai nan, an sha wuya.

Ni a ganina, wanda ya haddace 684 da 181 don jarabawa ya tsaya nan, bai ɗauki komai ba. Ma'aunin nan an yi shi ne don tantance waɗanda za a sa cikin bincike, kuma a gwajin da aka yi masa yana kama kusan kashi 73 ne cikin 100 na masu ciwon, ka ga fiye da ɗaya cikin huɗu yana zillewa. Yaronmu ma a ranar filatilet ɗinsa dubu 210 ne, bai kai layin ba, AST da kitsen jini ne suka cike masa biyun. Fibirinojin kuwa ba a auna ba sai daga baya, kuɗin ranar feritin ya cinye. Abin da ya tayar da malamarmu tun kafin duk waɗannan su fito shi ne gangarowar, kuma ba a ganin gangarowa a takarda ɗaya.

Akwai wata dabara mai sauƙi da aka wallafa a 2019 wadda na ga ta dace da irin wurarenmu. Ka raba feritin da ESR. Tunda ɗaya hawa yake ɗaya kuma sauka, rabon yana buɗewa da wuri. Sun samu cewa idan amsar ta wuce 21.5, a yi zargin MAS. Ba ta da kaifin da za a dogara da ita ita kaɗai, amma gwaji biyu ne kacal da kalkuletar waya. Ta yaron nan ta haura 300.

Sai dai a nan ƙasar dole a yi hattara, kada mu koma gida hutu mu riƙa ganin MAS a kowane gado. Maleriya tana sauke filatilet, tana ɗaga feritin. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini feritin ɗinsa yana iya kai dubbai ba tare da wani MAS ba. Ƙwayar cuta da ta shiga jini tana iya yin kusan duk abin da na lissafa. Zazzaɓin Lassa yana zuwa da zubar jini da hawan AST. Sankarar jini kuma tana fara wa yara da zazzaɓi da ciwon gaɓa, ita ce ma babbar abin da ake cirewa kafin a ba da maganin sitiroyid, don maganin yana iya lulluɓe ta na ɗan lokaci ya ɓata ganewa da jinya. Shi ya sa aka ɗebi ɓargon yaron kafin a fara. Ba a ga makurofaj na cin ƙwayoyin jini a ciki ba, kuma wannan bai wanke shi ba, don a nazarin 2014 ɗin nan kusan kashi 60 ne kawai cikin 100 na waɗanda aka duba ɓargonsu aka gani. Amfanin ɗibar shi ne an tabbatar ba sankara ba ce.

Masu sabbin littattafai za su ce ina IL-18, ina CXCL9, ina CD25 mai yawo a jini? Suna nan. IL-18 yana hawa ƙwarai a ciwon Still, ya fi hawa a waɗanda ke shiga MAS. CXCL9 sawun intaferon gama ne, in ya hau ka san wutar ta kama. Har magani aka yi mai toshe intaferon gama ɗin, emapalumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don HLH na gado. Mun haddace su tsaf, za mu rubuta a jarabawa, a ba mu maki. Amma mai albasan da sai da aka yi karo-karo kafin ya biya feritin, ban ga ranar da zan fassara masa CXCL9 ba. Abin da ke hannunmu shi ne ƙidayar jini, ESR, sinadaran hanta, da feritin in an samu hali, a maimaita su, a jera.

Aka fara masa metilfirednisolon mai ƙarfi ta jijiya kwana uku a jere, ba a tsayar da maganin ƙwayoyin cuta ba, aka ajiye maganar saikulosforin in hakan bai yi ba. A rana ta uku zazzaɓin ya karye. Filatilet suka fara hawa, feritin ya fara sauka, sai kuma ga ESR ya ɗan ɗaga. Wannan karon da na nuna wa uban, shi ya riga ni. Ya ce, “Hatsi ya fara dawowa ke nan.” Yaron ya tashi, amma ciwon Still ɗin yana nan, jinya ce ta shekaru, kuma wanda ya taɓa yin MAS yana iya sake yi.

Tunda na ambaci sitiroyid, bari in faɗi wata. Kun san yadda ake sayar da deksametazon da firednisolon a kemis kamar alewa, har da masu sha don ƙiba. Yaro mai ciwon gaɓa in aka ba shi zai miƙe kamar an yi sihiri, iyaye su yi ta sa wa mai kemis albarka, alhali an dagula zazzaɓin, an dagula lambobin, in sankara ce an rufe ta. Duk wanda aka kira tafinta ya tambayi uwa a hankali ko an ba yaron wasu ƙananan ƙwayoyi da suka sa shi cin abinci da kumburin kumatu. Ba za ta san sunan ba, amma za ta san kumatun. Su ma magungunan zamani masu tsada suna da nasu. Tosilizumab, mai toshe IL-6, yana danne zazzaɓi da CRP, har feritin ba ya hawa yadda ya saba, don haka yaron da ke kansa zai iya shiga MAS da lambobi masu ladabi.

Wani reshen ciwon kuma, wanda ke kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka, ya fi yawa a ƙananan 'yan mata, nasa hatsarin a ido yake. Cikin idon ke kumbura ba ja ba zafi, har gani ya lalace. Alamar jinin da ke nuna wadda ta fi shiga hatsari ita ce ANA, kuma irin waɗannan ana so likitan ido ya duba su da na'ura duk bayan wata uku, ko ba su yi kukan komai ba.

Yanzu abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Kun san yadda muke yi da takardun asibiti a gida. A yi gwaji, likita ya duba, a ninke takardar a sa a aljihun riga, a wanke rigar. Ko a ƙunshe ƙosai da ita. Gobe a canza asibiti, a fara daga farko kamar yau aka haifi yaron. Mutanenmu na nan Kudu kuma da jiki ya yi tsanani sai a hau mota a tafi gida, fayil ya zauna a Legas, yaro ya sauka a Kano hannu rabbana. Likitan da zai karɓe shi can, komai ƙwarewarsa, zai ga filatilet dubu 210 da ESR 28 ya ce alhamdu lillahi, don ba wanda ya nuna masa na makon jiya. Da yaron nan an sallame shi ranar da babansa ya nema, abin da zai faru ke nan.

Kafin su tafi na zauna da uwar muka jera takardun bisa kwanan wata, na sa lamba a saman kowace da biro, muka ɗauki hotonsu a wayar uban da ta ƙaninta, ta zuba su a leda mai zif ta sa cikin jakar da take ajiye katin rigakafin yaranta. Na rubuta mata da Hausa a bayan katin asibiti abubuwa uku da in ta gani kada ta jira ranar dawowa: zazzaɓin da ya daina sauka, barci ko magagin da ba ta saba gani ba, jini a dasashi ko haɓo ko tabon kwanciyar jini a fata. Ta ce ba ta iya karatun boko sosai ba, sai na sake rubuta mata da ajami, iya abin da na tuna daga makarantar allo, tana yi mini dariya tana gyara mini.

Suna maganar komawa gida gaba ɗaya bayan sallah. 'Yan uwa da ke Shika, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, don Allah ku taimaka mini da abu biyu. A wajenku kwana nawa feritin ke ɗauka kafin ya fito, kuma wace rana ce asibitin yara ke ganin masu ciwon gaɓɓai? Ina so in san ƙofar da zan ce su nufa da ledar nan.